Tambaya da Amsa: Me Binciken Jami'o'i Ya Tsinana wa Lafiyar Yara?

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ne ga binciken da jami'o'in duniya ke gudanarwa a kan cututtuka masu yaɗuwa da ke kama ƙananan yara. Mun zaɓi shida daga ciki, mun taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne, kuma kusan kullum sai na ji a rediyo an ce binciken wata jami'a ya gano kaza game da cututtukan yara, amma har gobe yara suna mutuwa da zawo da maleriya da ciwon huhu. Shin wannan bincike yana tsinana wani abu kuwa, ko kuwa hanyar samun digiri da ƙarin girma ce kawai ga masu yin sa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba zan ce duk takardar da ta fito daga jami'a tana ceton rai ba, domin da yawa daga cikinsu a kan kanta suke shan ƙura. Amma ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a shekarar 1990 yara fiye da miliyan 12 ne suka rasu kafin su cika shekara 5, alhali a 2023 adadin ya sauko zuwa kimanin miliyan 4.8, duk da cewa jama'ar duniya ƙaruwa suka yi. Ruwa mai tsabta da karatun iyaye mata da ingantuwar abinci duk suna da hannu a wannan, sai dai kaso mai tsoka na abubuwan da bincike ya ƙirƙiro ne, ko kuma ya tabbatar da amfaninsu.

Ruwan gishiri da sukari, wanda yau ba a ɗauke shi a bakin komai ba, ya isa misali. A 1960 masanin Amurka Robert Crane ya bayyana cewa hanji yana tsotse gishiri tare da sukari ta ƙofa guda, ruwa kuma yana bin su. A 1968 likitoci biyu matasa, David Nalin da Richard Cash, suka nuna a Dhaka cewa masu kwalara za su iya farfaɗowa da wannan haɗi ta baki. Sai a 1971, lokacin yaƙin ɓallewar Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan da ake sawa ta jijiya ya ƙare, sai Dilip Mahalanabis, likitan yara da ke aiki da cibiyar Jami'ar Johns Hopkins a Kalkata, ya sa aka riƙa dama haɗin a cikin duro, 'yan uwan majinyata suna ba su da kofi. Mace-mace suka faɗo daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Haka kuma ƙwayar rota, wadda ta fi kowace haddasa zawo mai tsanani ga jarirai, ba wanda ya san da ita sai a 1973 da Ruth Bishop da abokan aikinta suka gan ta a Melbourne ta Ostareliya, kuma sai da aka ƙara shekara 33 kafin a sami riga-kafinta da ya zauna da gindinsa a 2006.

Inda gaskiyarka take shi ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har yanzu zawo yana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 440,000 a kowace shekara, alhali an san maganinsa tun shekara hamsin da suka wuce. Wannan giɓi ba a ɗakin gwaje-gwaje yake ba, yana tsakanin abin da aka sani da gadon yaron da ke kwance, kuma a ganina jami'o'i sun daɗe suna ba wannan ɓangare ƙasa da haƙƙinsa, saboda gano sabon abu ya fi jawo suna a kan binciken dalilin da ya hana tsohon abu isa ga mai buƙatarsa.

Tambaya: Malam, ni ɗalibar aikin jinya ce a shekarar ƙarshe. Likitoci da ma'aikatan jinya suna ganin yara marasa lafiya dare da rana, kuma gani ya kori ji. Me ya sa sai an kashe maƙudan kuɗi a bincike kafin a san abin da ke damun yara da yadda za a yi musu magani?

Amsa: Malama, gani ya kori ji, amma ido yakan yaudari mai shi, musamman idan ba shi da abin da zai gwada abin da ya gani da shi. Ma'aikacin asibiti marasa lafiya kaɗai yake gani. Idan ya ɗebi majinar yaro mai ciwon huhu ya sami wata ƙwayar cuta, zai ɗauka ita ce ta kwantar da shi, bai san cewa da ya ɗebi ta yaro mai ƙoshin lafiya da ke wasa a waje, wataƙila ita ɗin zai samu ba, domin hancin yara da hanjinsu cike suke da ƙwayoyin da ba sa yi musu komai. Shi ya sa manazarta suke kwatanta rukuni biyu, marasa lafiya da masu lafiya 'yan shekaru ɗaya daga yanki ɗaya.

Da wannan dabara Jami'ar Maryland ta jagoranci wani bincike a Gambiya, Mali, Mozambik, Kenya, Indiya, Bangaladash da Pakistan a kan yara fiye da 22,000, aka fitar da sakamakonsa a 2013. Cikin ɗimbin ƙwayoyin da aka auna, huɗu ne kawai suka ɗauki mafi yawan alhakin zawo mai tsanani: ƙwayar rota, da Shigella, da wani nau'in E. coli, da kuma Cryptosporidium, wadda kafin nan an fi ɗaukarta a matsayin matsalar masu raunin garkuwar jiki. Binciken ya kuma bi yaran har gida bayan wata biyu, ya tarar cewa yaron da ya yi irin wannan zawo haɗarin mutuwarsa a wannan tsakani ya ninka na takwaransa sau takwas da ɗoriya, kuma da yawa a gida suke rasuwa, inda littafin asibiti ba ya ganinsu. Makamancinsa a kan ciwon huhu, wanda Jami'ar Johns Hopkins ta jagoranta a ƙasashe bakwai na Afirka da Asiya, ya nuna a 2019 cewa kimanin kashi 61 cikin 100 na ciwon huhu mai tsanani bairos ne ke kawo shi, wato ƙwayar cutar da maganin kashe bakteriya ba ya kashewa, ba bakteriya ba, kuma bairos guda ɗaya da ake kira RSV shi kaɗai yana da kusan kashi 31.

Wanda ya fi girgiza likitoci shi ne na ƙarin ruwa, kuma ina so ki riƙe shi da kyau tunda hannunki zai riƙa sa ruwan. Shekara da shekaru ana koyar da cewa idan aka kawo yaro mai zazzaɓi mai zafi wanda jininsa ba ya zagayawa yadda ya kamata, a ɗura masa ruwa mai yawa ta jijiya cikin gaggawa. Kowa ya yarda da haka, domin da an sa ruwan ake ganin bugun jijiyar yaron ya gyaru. Kathryn Maitland ta Kwalejin Imperial da ke Landan, wadda ke aiki a Kilifi ta Kenya, ta shirya gwaji tare da likitocin Kenya da Yuganda da Tanzaniya, da zaton za su tabbatar da amfanin abin ne don a yaɗa shi. A farkon 2011, bayan an shigar da yara 3,141, kwamitin da ke sa ido ya nemi a dakatar da gwajin. Cikin awa 48, kimanin kashi 10.5 cikin 100 na yaran da aka ɗura wa ruwan sun rasu, waɗanda aka sa wa ruwa sannu a hankali kuwa kashi 7.3. Wato cikin kowane yara 100, uku sun tafi saboda abin da ake yi da niyyar ceto, kuma babu likitan da zai iya gane haka da idonsa, domin yaron yakan ɗan farfaɗo ne da farko, ya rasu daga baya, a ɗora laifin a kan cutar. A kula, gwajin bai haɗa da yaran da zawo ya tsotse musu ruwan jiki ba, waɗannan ƙarin ruwa cetonsu yake yi.

Tambaya: Malam, ni uwa ce mai 'ya'ya uku. Raina ba ya kwanciya idan na ji an gwada magani a kan yara. Yaro bai san komai ba, ba zai iya cewa i ko a'a ba. Wannan ba mayar da su zakaran gwajin dafi ba ne?

Amsa: Hajiya, tarihi yana bayan fargabarki. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1970, a makarantar Willowbrook da ke New York, inda ake ajiye yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa, manazarta daga Jami'ar New York sun riƙa sa wa yara ƙwayar ciwon hanta da gangan don su nazarci cutar. Irin wannan ɓarna ce ta sa aka tsaurara ƙa'idoji, waɗanda tushensu ke cikin Sanarwar Helsinki ta 1964, wato ƙa'idojin gwaji a kan ɗan Adam da likitocin duniya suka amince da su, da gyare-gyaren da suka biyo ta.

Sai dai ƙin gwadawa ma gwaji ne, kuma shi ya fi muni, domin ba wanda ke ƙirga sakamakonsa. Hantar jariri da ƙodarsa ba sa sarrafa magani kamar na babba, garkuwar jikinsa ma daban take amsawa, saboda haka idan ba a yi bincike a kansa ba, likita zai raba ƙwayar manya ne ya yi kirdado. Kwatancen allurar artesunate da kwinin da aka yi a kan yara 5,425 masu maleriya mai tsanani a ƙasashen Afirka tara, ƙarƙashin jagorancin cibiyar haɗin gwiwa ta Jami'o'in Mahidol da Oxford, ya nuna a 2010 cewa kashi 8.5 cikin 100 suka rasu da artesunate, kashi 10.9 kuma da kwinin. Da iyayen waɗannan yara sun ƙi, da an ƙara shekaru ana sa wa yara maganin da ya gaza.

Ƙa'idar yau ita ce a fara a ɗakin gwaje-gwaje da dabbobi, sannan manya masu sa kai, sannan a sauko ga manyan yara, jarirai su zo daga ƙarshe. Kwamitin ɗa'a na ƙasar da za a yi aikin sai ya amince, sannan wani kwamiti mai zaman kansa yana leƙa sakamakon a asirce, yana da ikon cewa a tsaya. Ko bayan an ba magani lasisi ba a daina sa ido: riga-kafin rota na farko da aka amince da shi a Amurka a 1998 an janye shi a 1999, da aka lura yana sa hanjin wasu jarirai ƙalilan shigewa cikin juna, dalilin da ya sa biyun da suka biyo baya sai da aka gwada kowanne a kan jarirai fiye da 60,000. Ba na cewa ba a saɓa waɗannan ƙa'idoji, musamman inda talauci ya sa iyaye ke kallon shiga bincike a matsayin hanya ɗaya tilo ta ganin likita. Idan wata rana aka nemi ɗanki, haƙƙinki ne a yi miki bayani da harshen da kike ji, a gaya miki abin da za a ba shi da haɗarin da ke ciki da wanda zai ɗauki nauyi idan wani abu ya faru, a ba ki kwafin takardar da kika sa wa hannu, kuma kina iya ƙi, ko ki janye daga baya, ba tare da an tauye masa kulawar da ya cancanta ba. Duk wanda ya ce ki sa hannu yanzu, bayani ya biyo baya, ki ɗauki ɗanki ki tafi.

Tambaya: Malam, an ce Jami'ar Oxford ta samo riga-kafin maleriya. Me ya sa aka ɗauki tsawon lokaci haka, kuma da gaske ne ba ya kare yaro gaba ɗaya?

Amsa: Da gaske ne, Malam. Riga-kafin iri biyu ne. Na farko, RTS,S, kamfanin GSK ne ya fara aikinsa tare da cibiyar binciken sojojin Amurka ta Walter Reed tun a shekarun 1980, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar amfani da shi ba sai a Oktoban 2021. Na biyu, R21, shi ne na Cibiyar Jenner ta Oxford, wanda hukumar ta amince da shi a Oktoban 2023, kuma Cibiyar Serum ta Indiya ke sarrafa shi. A nan ya kamata a yi adalci: cewa "riga-kafin Oxford" yana ɓoye masu aikin da yawa, domin gwajin da ya fara fito da sunansa a 2021 an yi shi ne a kan yara 450 a Nanoro ta Burkina Faso ƙarƙashin Halidou Tinto, babban gwajin kuma a kan yara kimanin 4,800 a Burkina Faso, Mali, Kenya da Tanzaniya. Wannan ɗabi'a ta ambaton jami'ar da kuɗi suka bi ta hannunta, a manta da waɗanda suka bi gida-gida suna auna zazzaɓi, tana cikin tsofaffin cututtukan harkar bincike ita kanta.

Jinkirin ya samo asali ne daga yanayin abokin gaba. Bairos ɗin ƙyanda ƙwayoyin gadonsa shida ne, kuma kamanninsa ba sa sauyawa, ita kuwa ƙwayar maleriya tana da fiye da 5,000, tana rikiɗa daga siffar da sauro ya zuba ta zuwa wadda ke ɓuya a hanta, zuwa wadda ke shiga jajayen ƙwayoyin jini. Riga-kafin biyu suna tare ta ne a ɗan taƙaitaccen lokacin da ke tsakanin cizon sauro da isarta hanta. R21 ya rage kamuwa da kashi 75 cikin 100 a cikin shekara guda a wuraren da maleriya ke zuwa da damina, da kashi 68 a inda take duk shekara, kuma kariyar tana raguwa, shi ya sa ake yin allura huɗu daga wata biyar da haihuwa. Kada wannan ya sa a raina shi. A shirin gwajin RTS,S da aka fara a Ghana, Kenya da Malawi a 2019, mutuwar yaran da suka isa karɓarsa ta ragu da kashi 13 cikin 100, kuma muna magana ne a kan cutar da ta kashe mutum kusan 597,000 a 2023, mafi yawansu ƙananan yara a Afirka. Gidan sauro da maganin kariya na damina suna nan a matsayinsu, allurar ƙari ce a kansu.

Tambaya: Malam, kakar 'ya'yana ta ce ƙyanda ciwo ne da kowane yaro ke yi ya warke, har ma yana ƙara masa ƙarfi. Me masana suka ce?

Amsa: A gaishe ta, a kuma gaya mata cikin ladabi cewa rabin maganarta daidai ne: wanda ya yi ƙyanda ya warke da wuya ya sake yin ta. Ƙarin ƙarfi kuwa akasinsa aka gano. Manazarta daga Jami'ar Harvard da takwarorinsu na Holan sun auna jinin yara 77 da ba a yi wa riga-kafi ba, kafin su kamu da bayan sun warke, suka wallafa a 2019 cewa cutar ta goge tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na garkuwar da jikinsu ya tara game da wasu cututtuka. Jikin yakan manta abokan gaban da ya riga ya sani, shi ya sa yaro yakan tashi daga ƙyanda ya faɗa ciwon huhu ko zawo. Riga-kafin, wanda ya samo asali daga aikin John Enders a Boston a 1954 kuma aka fara amfani da shi a 1963, ba ya yin wannan ɓarna. A 2023 ƙyanda ta kashe mutum kimanin 107,500, galibinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Tambaya: Malam, na karanta cewa bincike ya nuna ba wa yara masu lafiya maganin azithromycin yana hana su mutuwa. In saya in riƙa ba nawa lokaci-lokaci?

Amsa: A'a, Malam, kada ka yi. Labarin da ka karanta game da wannan magani mai kashe bakteriya gaskiya ne, amma ba haka ake fassara shi ba. Asalin abin daga yaƙi da ciwon ido na amodari ne, inda ake raba wannan magani ga gari sukutum. A Habasha aka lura cewa mutuwar yara ta ragu a ƙauyukan da aka raba shi, sai manazarta na Jami'ar California da ke San Francisco suka shirya babban gwaji a Nijar, Malawi da Tanzaniya a kan yara kimanin 190,000, inda aka yi ƙuri'a tsakanin garuruwa, wasu a ba yaransu maganin sau biyu a shekara, wasu kuma a ba su mai kama da shi wanda ba komai a ciki. Sakamakon 2018 ya nuna raguwar mutuwa da kashi 13.5 cikin 100 a jimlace, amma da aka rarrabe sai aka ga kashi 18 a Nijar, kusan 6 a Malawi, kusan 3 a Tanzaniya, kuma a ƙasashen biyu na ƙarshe bambancin bai kai a ce ba katari ba ne. Amfanin ya fi bayyana ne a inda mutuwar yara ta fi yawa kuma asibiti ya yi nisa, sannan alamu sun nuna cewa wani ɓangarensa yana zuwa ne daga rage yawon ƙwayoyin cuta a gari baki ɗaya, abin da ba za ka samu ba idan gidanka kaɗai ke sha.

Akwai kuma farashi. Manazartan nan da kansu sun tarar cewa a garuruwan da aka raba maganin, bakteriyar da ke bijire masa ta ƙaru a hancin yara da hanjinsu. Ƙiyasin da Jami'ar Oxford da Jami'ar Washington suka fitar a 2022 ya ce a 2019 bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma ɗaya cikin biyar yaro ne ɗan ƙasa da shekara 5. Saboda haka a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi amincewa da a raba shi ko'ina, ta ce a duba yiwuwarsa ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11 kawai, a yankunan Afirka kudu da Sahara inda mutuwar yara ta yi tsanani, tare da bin diddigin bijirewar. Wani gwaji da aka sake yi a Nijar, wanda ya fito a 2024, ya sami raguwar kashi 14 idan aka ba duk 'yan ƙasa da shekara 5, amma bai sami bambanci tabbatacce ba idan jarirai kaɗai aka ba, don haka masana suna kan muhawara a kan iyakar shekarun da ta dace. Idan hukumar lafiyar ƙasarku ta shirya irin wannan rabo, ma'aikatanta za su zo da ma'aunin tsawo ko na nauyi su ba kowane yaro daidai jikinsa, su kuma rubuta. Idan kuwa ɗanka ya yi zazzaɓi ko numfashinsa ya yi sauri, kai shi a duba shi a ranar, a auna jininsa, a rubuta masa abin da ya dace da ciwon.